Cikin jirgina na kwali ya murɗe, ina mafita?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan zaure. Wata uku ke nan ina fama da wani ɗan jirgin ruwa na takarda da kwali, irin na yaƙin zamanin da, mai tafiya da iska. Wanda nake kwaikwayo na Faransa ne, ana rubuta sunansa Hermione, ana furta Ermiyon. An ƙera shi a garin Roshfor a 1779, shi ne ya kai Lafayet, hafsan sojan Faransa, Amurka a 1780. Gangar jikinsa kimanin mita 44 ce, faɗi mita 11 da ɗan ɗori. Na ɗauki ma'aunin ɗaya bisa ɗari, wato nawa santimita 44 a tsawo, 11 a faɗi. Ƙashin baya da haƙarƙari na yanke su daga kwali, sun zauna lafiya. Da na zo rufe jikin sai na yanko biristol, wato takarda mai kauri, falle ɗaya na manna a dama, washegari na manna na hagu. Yau da na buɗe shago na tarar da gaba da baya duk sun yamutse, jirgin kuma ya karkace kamar bandar kifi. Ga hoto nan. In jefar ne in sake, ko akwai magani?

Habu Direba: Wa alaikumus salam. Jirgin ruwa a Maradi? Gulbin namu ma sai damina yake tuna cewa shi gulbi ne.

Mushe Idi: Habu, bar yaro ya ji da abin da ya dame shi tukuna. Lawali ɗana, kar ka jefar. Yi wannan gwaji yanzu a shagonka. Ɗauki gwangwanin madara ka naɗe shi da takarda, za ka ga ta kwanta luf. Sannan ɗauki lemu ka naɗe shi da irin takardar. Ba za ta kwanta ba ko ka kwana kana lallashinta. Dalili shi ne takarda tana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda, ba ta miƙewa kamar fata ko roba. Gwangwani lanƙwasa ɗaya gare shi, lemu biyu. Tsakiyar jirginka ta fi kusa da gwangwani, shi ya sa can bai yamutse ba, amma gaba da baya lemu ne. Shekara talatin ina faɗa wa ɗalibai wannan game da taswirar duniya, ba wanda ya taɓa kawo mini hujja mai kyau kamar hotonka.

Lawali: Mushe, wallahi na gwada, lemun ya ƙi. To yaya ake yi?

Mushe Idi: Yadda masu jirgin na gaske suka yi. Su ma ba su da katako ɗaya mai faɗin da zai rufe gefe guda. Dogayen alluna sirara suka jera, ɗaya bisa ɗaya, kowane ya ɗauki ɗan rabonsa na lanƙwasa. Yanka biristol ɗinka sili-sili, faɗin milimita 4 ko 5. A tsakiya ka bar silin da faɗinsa, a bakin gaba da na baya ka tsuke shi, domin can wurin ya ragu amma yawan silin bai ragu ba.

Baba Tela: Lawali, ni ban san jirgi ba, ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Amma abin ga da Mushe ya hwaɗi, mu teloli shi munka gada. Mutum ba allo ba ne, kahwaɗa da ƙirji ga su nan a dunƙule, yadi kuwa shimhiɗaɗɗe. Shi ya sa ba mu sa almakashi ga shaddar mutane sai mun hidda hoton aikin ga takardar banza. Nemi tsohuwar takardar kaye, ɗora ta bisa haƙarƙarin, bi da hensir, yanke, gwada, sake gyarawa. Sai ta zamna sannan ka kwahe ta bisa biristol. Kuma wanda ka yanka ma dama, juya shi ka hidda na hagu da shi, kar ka auna sau biyu.

Hadiza: Ina wuni Baba, ina wuni Mushe. Yaya Lawali, ni zanen gine-gine nake karanta a Yamai, kullum cikin yanka kwali muke. Maganar yamutsewa an gama ta. Karkacewar kuma daban take, gam ne ya jawo. Farin gam na kafintoci ruwa ne rabinsa. Takarda ta sha ta kumbura, da ta bushe ta tsuke ta ja kwarangwal ɗin zuwa gefenta. Kai kuma ka bar dama ta kwana ita kaɗai tana ja, babu mai ja da ita a hagu. In za ka sake, sili ɗaya a dama, sili ɗaya a hagu, haka har ka gama. Gam kuma da tsinken sakace za ka shafa, ba da yatsa ba. Sannan ka kifa jirgin a kan katako miƙaƙƙe ka kafe shi da allurai, kar ka sake shi sai ya kwana biyu.

Amma akwai abin da ya fi damuna a hoton. Haƙarƙari na bakwai zuwa na goma kamar sun fi sauran gajarta. A wuri ɗaya ka buga zanen duka?

Lawali: Ikon Allah. A'a. Shafi huɗu na farko na buga su a wani shago kusa da babbar kasuwa, wuta ta ɗauke, sauran na kai wani wuri a unguwar Zariya. Na lura ba su kai ba, sai na ɗauka hannuna ne ya goce wajen yanka, na cike da guntun kwali.

Hadiza: Ba hannunka ba ne. Na biyun ya bar injin ya rage zanen don ya shiga cikin shafi. Ragin kaɗan ne, ido ba ya kamawa, amma ko kashi 4 cikin ɗari ne, a santimita 11 ka rasa fiye da milimita 4. A kowane shafi ka ja layi mai santimita 10 daidai kafin ka kai bugu. Suna miƙo maka ka sa rula a gabansu. In bai cika 10 ba kar ka biya.

Lawali: Jika biyu na kashe a bugun nan. Allah ya isa ban ce ba, amma na ji zafi.

Habu Direba: To yanzu da anka gama likitanci, a bar ni in yi tawa. Ni na yi shekaru ina ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, na ga jirage da idona, ba a hoto ba. Tambayata ita ce, mi ya kai ɗan Maradi ga ɓata wata uku wajen girmama jirgin yaƙin Nasara? Irin waɗannan jiragen ba su ne sunka zo bakin ruwan Afirka da igwa ba? In abin hannu kake so, ga motar kara da munka yi muna yara, ga rumbu, ga ƙohwar gidan Sarkin Katsinan Maradi. Waɗannan namu ne.

Lawali: Kawu Habu, ban ɗauke shi girmamawa ba. Ni mai gyaran waya ne, abin da ke burge ni shi ne in buɗe abu in ga yadda yake aiki. Wannan na'ura ce babu inji babu fetur, daga itace sai igiya sai ƙyalle, ta ƙetare teku da mutane ɗaruruwa a ciki. Ina so in gane ta da hannuna.

Mushe Idi: Maganar Habu ba ta banza ba ce, kar a share ta. Shi Ermiyon ba jirgin dakon bayi ba ne, na yaƙi ne. Amma rundunar da yake cikinta ita ke tsare wa fataken Faransa hanya, kuma a ƙarnin nan garin Nant shi ne kan gaba a Faransa wajen fataucin bayi. A 1779 ɗin da aka ƙera shi, a shekarar ce Faransawa suka ƙwace San Luwi ta Senegal daga hannun Ingilishi. Su Ingilishin kuma daga 1808 suka zuba jiragen yaƙi a gaɓar Afirka ta Yamma suna tare masu safarar bayi, mazauninsu Firitawun ta Saliyo, sannan rundunar ruwan tasu ce ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851. Ka ga abu ɗaya ya yi tsaron ɓarna, ya yi hana ta, ya kuma buɗe ƙofar mulkin mallaka. Ni a ganina yaron da ya san yadda aka jera igwa 26 na Ermiyon a bene ɗaya ya fi saurin gane dalilin da ya sa garuruwan bakin teku suka kasa tare su.

Habu Direba: Mushe, ka iya magana, shi ya sa kullum kake kada mu. Amma ban sauka ba. Gane abu daban, ajiye shi a falo bisa tebur ana nuna wa baƙi daban.

Ummaru Madarunfa: Ni ina bayan Kawu Habu rabi. Lawali, tafkin Madarunfa bai kai tafiyar awa ɗaya daga shagonka ba. Zo ka ga kwale-kwalen masunta, ka sa tef ka auna da kanka, tsawo da faɗi da zurfi. Wannan ba sai ka roƙi zane a intanet ba, kai za ka fitar da shi. Wanda ka sauke wani ne ya yi tunanin, kai yanka kawai kake yi.

Lawali: A nan kam ba ka yi mini adalci ba, Ummaru. Ba dafaffe na sauke ba. Abin da na samu zanen layuka ne kawai, kashi uku: jirgin ta gefe, jirgin ta sama, da wanda ake nuna shi kamar an yayyanka burodi, rabin dama yana nuna yankan gaba, rabin hagu na baya. Daga na ukun nan na fitar da kowane haƙarƙari, na ninka shi biyu don ya cika, na huda masa tsagar da zai shiga ƙashin baya. Sati uku na yi a kan wannan kaɗai. A nan ma na gano cewa jikin jirgin ba kamar kwano yake ba, kamar randa yake: ya buɗe a wajen layin ruwa, ya sake tsukewa a sama. Amma maganar kwale-kwale ta shige ni. In na gama wannan zan zo.

Ummaru Madarunfa: Na janye rabin rabin. Ka zo da tef, kifi a kaina.

Sanusi Kafinta: Ku dawo kan aiki. Wane kwali ka yi haƙarƙarin da shi? In na taliya ne mai rami-rami a ciki, cire shi tun yanzu, bakinsa ba ya cin sanfefa, murƙushewa yake. Nemi kwalin magani ko na sukari, manna uku ko huɗu su kai kaurin milimita ɗaya da rabi, ka danne da bulo su kwana. Kuma ka gicciya su, domin kwali ma yana da jijiya kamar katako. Lanƙwasa shi ta nan, ka lanƙwasa ta can, za ka ji ɗaya ta fi sauƙi. In ka haɗa su duk jijiya ɗaya, da damina za su yi baka. Kafin rufi kuma ka bi bakin haƙarƙarin gaba da na baya da sanfefa ka karkata su, don sili ya kwanta a kan faɗin bakin, ba a kan kaifinsa ba.

Hajiya Rabi: Ɗana, in gam ɗin nan ne ke ba ka wahala me zai hana ka dama sitaci ko ka jiƙa ƙaro? Da shi muka manna littattafanmu.

Sanusi Kafinta: Hajiya, a gafarce ni. Sitaci gayyatar kyankyaso da gara ne, aikin wata shida za su cinye a dare uku. Ƙaro yana kamawa, amma da watan Agusta in iska ta yi laima sai ya saki, da hunturu kuma ya bushe ya tsage. Farin gam ɗin dai, a rage masa yawa.

Hajiya Rabi: To, ku ne masu zamani. Littattafan nawa dai suna nan.

Malam Nura: Salamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Jirgi ba mai rai ba ne, ban san wanda ya hana surar irinsa ba. Amma na duba hoton na gasken, a goshinsa akwai zaki sassaƙaƙƙe. Surar mai rai mai jiki ita ce inda malamai suka tsananta. Ina tunatarwa ne kawai, Lawali, kafin ka kai wurin.

Lawali: Na gode Malam, na yi ta tunanin abin. A ma'aunina zakin bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, ko na so ma hannuna ba zai fitar da fuska ba. Na yanke shawarar in sa naɗaɗɗen ado kamar kan sandar dattijo a wurin.

Hadiza: In ka canza goshin ya tashi daga Ermiyon ke nan, Yaya. Mu a makaranta in ka sauya ko taga ɗaya, malami cewa yake ba ginin ba ne.

Lawali: Ƙanwata, ni ba malamin da zai ba ni maki. A ɗakina zai zauna, ɗakin da nake salla.

Habu Direba: Tambaya ta ƙarshe daga ɓangaren adawa. In an gama, a kai shi gulbi a gani ko zai yi iyo?

Mushe Idi: Takarda da ruwa, Habu? Ko na katako ma ba kowane ke iyo ba. Sarkin Suwidin ya sa an ƙera masa wani mai suna Vasa, igwa 64, ado kamar gidan amarya. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi daga Istokholm, bai yi kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse jama'a na kallo. Samansa ya fi ƙasansa nauyi. Sai 1961 aka tsamo shi, yanzu yana gidan tarihi.

Habu Direba: Lodin da ya wuce kima ke nan. Wannan kam na san shi, na sha ganinsa a hanyar Ɗan Isa.

Lawali: Ƴan zaure, bayan sati biyar ga inda aka kwana. Na ɓare tsohon rufin, na sake buga shafukan da rula a hannu, na sake haƙarƙari huɗu. Sili 22 kowane gefe, dama da hagu bi da bi. Wani abu da na ƙaro da kaina: ramukan da ke tsakanin haƙarƙarin gaba na cike su da totuwar karan dawa, na goge da sanfefa har ta bi siffar. Ba ta da nauyi, kuma sili ya samu abin kwanciya. Dabarar motar kara ce, Kawu Habu, ka ga taka ta shigo jirgin Nasara. Igwa kuma na naɗe takardar kaye a jikin allurar ɗinki, kowace kusan santimita biyu da rabi, baya ya fi kauri. Na yi 40 kafin na samu 26 masu kama da juna. Yanzu saura jigajigai uku, wato dogayen sandunan da ke ɗaukar filafilai, da igiyoyi, kuma gaskiya tsoronsu nake ji.

Habu Direba: Totuwa! To yanzu ya hwara zama ɗan gari.

Hadiza: Ma sha Allah, ya miƙe sak. Amma ina ganin farin bakin takarda a duk inda ka yanka. Bi shi da alkalami mai launin wurin kafin ka manna, ba bayan ka manna ba. Shi ke tona asirin cewa takarda ce.

Sanusi Kafinta: Jigon kar ka yi shi da takarda zalla, igiya za ta ja shi ya sunkuya. Sa tsinken tsire a ciki. Ka zaɓi miƙaƙƙe, mirgina shi a kan gilashi ka gani.

Mushe Idi: Abu biyu ka riƙe game da igiya. Akwai masu tsayuwa, waɗanda ke riƙe jigo kada ya faɗi, su ana shafe su da kwalta don haka baƙaƙe ne. Akwai masu gudu, waɗanda ake ja a ɗaga filafilai ko a juya su, su launin igiya ne, ruwan ƙasa mai haske. In ka yi su duk launi ɗaya, mai ido zai gane. Fara da masu tsayuwa, daga ƙasa zuwa sama, daga tsakiya zuwa waje, in ba haka ba hannunka ba zai samu hanyar shiga ba. Tsanin igiya da matuƙa ke hawa kuwa, tsakanin taki da taki bai kai santimita 40 ba, wato a wurinka milimita 4 ba ta cika ba. Ja layuka a kwali, sa shi a bayan igiyoyin, ka bi. Kada ka gaji da wuri. Faransawa da suka sake ƙera Ermiyon na katako a Roshfor sun fara a 1997, sai 2015 ya tafi Amurka.

Baba Tela: Zare kuma ku bar mini. Na keke yana da gashi-gashi, a abu ƙarami haka sai ya yi kamar igiyar rama da ta tsuhwa. Ja shi cikin kakin zuma sau biyu, gashin ya kwanta, ƙura ma ba ta kama shi sosai da hunturu. Kuma kar ka ɗaure shi tamau yanzu da ake ruwa. Zaren auduga da laima halinsa daban, da rani halinsa daban, ka ja shi daidai wa daida ka bar masa numhwashi. Kauri uku kake buƙata, na ɗinki, na surhwani, da na masu takalmi don manyan da ke riƙe jigo ta gaba.

Lawali: Baba, na masu takalmin nake nema ban samu baƙi ba, duk fari ne.

Baba Tela: Ina da ragowar ƙwarya guda. Biyo ta Bagalam gobe bayan la'asar, ka taho da jirgin in gani da idona. Ka sa shi cikin kwali ka ruhe, jikokina shida ne a gidan.